Shekarun da Kurege Ya Yi Ta Shan Kashi

Kafin 2004 ƙasar Benin ba ta taɓa zuwa Gasar Cin Kofin Afirka ba. Da ta samu zuwa Tunisiya a wannan shekara, a hannun koci ɗan Ghana, Cecil Jones Attuquayefio, sai murna ta tashi tun daga Kwatano har Malanville. Ba ta daɗe ba. Afirka ta Kudu ta ci mu 2 da nema, Maroko ta zuba mana 4, sannan a birnin Sfax, ranar 4 ga Fabrairu, aka haɗu da Nijeriya.

Ga mutumin Porto-Novo wannan wasa ne da babbar maƙwabciya. A zangon Paraku da na Jugu kuwa abin ya shigo har tsakar gida. Kakanninmu fatake ne da suka biyo hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, suna yada zango a Nikki da Paraku da Jugu kafin su dangana da Salaga. Wasu suka sauke kaya, suka yi aure, suka zauna. Jikokinsu takardarsu ta Benin ce, amma harshen da ake musu faɗa da shi a gida na can gabas ne. To, ran nan sai ga wanda ya fara jefa wa Benin ƙwallo sunansa Garba Lawal, ɗan Kaduna, suna irin na ɗakinmu. John Utaka ya ƙara ta biyu. Ana dab da tashi Moussa Latoundji ya rama ɗaya, ita ce ƙwallon Benin ta farko a tarihin gasar. Aka dawo gida da ita kaɗai, an kwashi takwas.

A Ghana, 2008, labarin bai sake ba: Mali 1 da nema, Kwaddibuwa 4 da 1, sai Nijeriya kuma, 2 da nema a Sekondi. Ƙwallo ɗayar da aka samu Razak Omotoyossi ne ya ci, shi kuwa haifaffen Legas ne. A tawagar akwai Mouri Ogunbiyi, wanda ya ɗauki kofin zakarun Afirka da Enyimba ta Aba. Wato iyakar da ake tuhumar ɗan zango a kanta, idan an tambaye shi wa yake goyon baya, ta ratsa cikin tawagar ƙasar ita kanta.

Ta Angola a 2010 ta fi ciwo. Benin ta sha gaban Mozambik da ci 2, ta sake aka farke mata duka. Ƙuri'a ta haɗa ta da Nijeriya karo na uku a jere, Yakubu ya ci bugun daga kai sai mai tsaron gida a Benguela. Masar ta rufe da 2 da nema. Hukumar ƙwallon ƙasa ta fusata, ta sallami 'yan wasa da kocinsu Michel Dussuyer baki ɗaya a watan Fabrairu. A ganina hukuncin fushi ne, domin da aka tashi neman mafita bayan shekara takwas, Dussuyer ɗin aka sake kira.

Goyon bayan Nijeriya a waɗancan shekaru ba ya da tsada, tunda mai nasara ba ya rasa dangi. Wanda ya zauna gaban talabijin a Zongo yana jin zafin wasa tara ba nasara ko ɗaya, alhali yana da hanyar tsira da zai ce shi ma ai jinin Kano ne, wannan ya amsa tambayar ɗan ina ne shi ba tare da ya buɗe baki ba.

Kuregen tatsuniya da dabara yake tsira, ba da ƙarfi ba, kuma haka aka yi a Masar a 2019. Canjaras da Ghana, da Gini-Bisau, da Kamaru, sai 1 da 1 da Maroko bayan Hakim Ziyech ya ɓarar da fanareti a ƙarshen lokaci. Benin ta fitar da ita 4 da 1 a bugun raba gardama, ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, inda Senegal ta tsayar da ita 1 da nema. Wasa 14 ke nan a gasa huɗu, ba ta ci ko ɗaya a cikin fili ba.

A 2022 aka ajiye sunan Kurege. Ranar 10 ga Yuni 2024, a Abidjan, a wasan neman gurbin Kofin Duniya, Benin ta doke Nijeriya 2 da 1. Kocinta a ranar Gernot Rohr ne, wanda Nijeriya ta sallama a 2021.