Cetara: Garin da Ke Miya da Ruwan Kifi

Idan muka buɗe taswira a waya muka bi gaɓar Amalfi, kudu da Napoli a Italiya, za mu ci karo da Cetara, garin masunta mai mutum wajen dubu biyu. Sunan ma bai ba Bahaushe wahala, yadda muke karanta shi haka masu garin ke faɗa. Kwari ne matsattse a gindin dutsen Falerio, gaba teku, baya tsauni. Da babu fili, sai gidajen suka hau kan juna, gonakin lemon tsami kuma aka sassaƙe su hawa-hawa a jikin dutse.

Tekun da ke ciyar da su, ta nan tashin hankali ke shigo musu. A shekarar 879 mayaƙan Musulmi, waɗanda Turawan lokacin ke kira Sarasin, suka sauka a nan suka kafa sansani. A 1534 kuma jiragen Daular Usmaniyya ƙarƙashin Sinan suka far wa garin, suka kwashe mutum kusan 300 bayi. Hasumiyar da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a bakin ruwa, ba don ado aka gina ta ba. Bayan wannan hari aka faɗaɗa ta, aka ƙarfafa, ta shiga jerin hasumiyoyin da ke sanar da juna da hayaƙi ko wuta in an hango jirgin abokan gaba. Sama da rufin gidaje kuwa ga ƙubbar cocin San Pietro, lulluɓe da tayil masu launi. Bitrus ɗin ma ai masunci ne.

Amma abin da ya fitar da sunan garin yana cikin gangar katako. Daga 25 ga Maris zuwa 22 ga Yuli ake kama alici, ɗan kifin da bai fi tsawon yatsa ba sosai. A cire kai da kayan ciki, a jera shi a ganga, shimfiɗar kifi, shimfiɗar gishiri, a danne da dutse. Bayan watanni, wani lokaci shekaru, sai a huda gindin gangar, ruwa mai launin zuma ya riƙa ɗiga. Shi ne kolatura, jikan garum, miyar kifin Rumawan da. Wanda ya san aikin daddawa a tukunya ba sai an yi masa dogon bayani ba: cokali biyu, man zaitun da tafarnuwa, taliya ta haɗu, ko gishiri ba a sawa.

Da, abincin talaka ne. Kowane gida na yin nasa, a ci a jajibirin Kirsimeti, a aika wa maƙwabta. A 2020 Tarayyar Turai ta ba sunan kariya, sai an bi ƙa'idar yankin kafin a liƙa shi a kwalba. A ganinmu kariyar ta dace, sai dai ba ta ƙara kifi a teku, kuma manyan jiragen garin yanzu tuna suke bi, wanda akasarinsa Japan yake tafiya.