Sanarwar hukuma a wayar salula: wa zai amsa laifinta a ƙasar Arewa ta Nijar?

Ma'aikatun gwamnatin Nijar sun saba yanzu da wallafa sanarwa a Facebook: a ɗauki hoton takarda mai hatimi, a saka, a ce an sanar da jama'a. Amma takardar da Faransanci take zuwa, alhali manomin Matankari ko na Gesheme Hausa yake ji. Saboda haka sai wani ɗan zauren WhatsApp ya karanta, ya fassara yadda ya fahimta, ya aika da saƙon murya. Abin da ke isa ƙauyukan Dallol Mawri shi ne wannan muryar, wadda babu hatimi a kanta, babu kuma wanda za a tuhuma in ta sauya ranar rigakafi ko farashin hatsin rahusa. A da, in mai shela ya yi kuskure, an san fadar da ta aiko shi, ta Sarkin Arewa ce ko ta Samnan Tibiri. Hatimin kansa ma ba ya da wuyar kwaikwayo a kwamfuta, kuma takardar jabu da ta gaske kamanninsu ɗaya a fuskar waya.

Hanyar intanet ɗin kanta ba ta da tabbas. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2021 an katse intanet na salula kimanin kwana goma, wato hukuma ta rufe ƙofar da take shela ta cikinta. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sassauta a 2022, sannan a 2024 aka mayar mata da hukuncin ɗauri kan ɓatanci da zagi. Mutumin da ke tsoron kurkuku ba zai yi tambaya a ƙarƙashin sanarwa ba, sai ya koma zauren WhatsApp inda jita-jita ke jiransa.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Ya kamata ofisoshin perfe na Dogon Dutsi da Tibiri da na ƙananan hukumominsu su riƙa fitar da kowace sanarwa da muryar jami'in da aka sani, da Hausa, ya faɗi sunansa da kwanan wata, a maimaita ta a gidajen rediyon al'umma, a kuma bai wa masu garuruwa kwafi.