Littafi Mai Tsarki da Aikin Bishara a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Duk wanda zai ba da tarihin shekara ɗari na sarauta a wannan yanki, wajibi ne ya ambaci kowane rukuni na talakawan da suka zauna ƙarƙashin inuwarta. Mafi rinjayensu Musulmi ne, akwai kuma Anna da suka daɗe riƙe da al'adun kakanni a ƙauyukan Gulbin Kaba. Rukuni na uku su ne Kiristoci ƴan bishara. Ba su da yawa, domin ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar baki ɗaya ba su kai kashi ɗaya bisa ɗari ba. Abin lura game da su shi ne, da harshen Hausa addininsu ya iso nan, da shi kuma suka yi karatu da wa'azi da gardamarsu.

Asalin labarin ya girmi zuwan Faransawa. A watan Janairu na 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Tasawa tare da abokin tafiyarsa Overweg. A ƙasar Borno Overweg ya ƴanta wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, kuma bayan rasuwar Overweg a 1852 yaron ya bi Barth har Ingila a 1855. Can ya zauna da wani malamin mishan, Schön, wanda ya riƙa rubuta Hausa daga bakinsa. Da irin wannan taimako aka buga Linjilar Matiyu da Hausa a 1857, sannan Sabon Alkawari a 1880. Ke nan Hausar gabas, maƙwabciyar ta Tasawa, tana cikin tubalan farko na wannan fassara. Cikakken Littafi Mai Tsarki kuwa sai a 1932 ya fito, bayan doguwar wahalar da Likita Mila na Zariya ya sha tare da abokan aikinsa.

Masu bisharar da suka shigo Nijar ƴan ƙungiyar SIM ne, wadda aka kafa a 1893. Sun buɗe tasharsu ta farko a Damagaram a 1924, sannan David Osborne ya kafa ta Tsibirin Gobir wajen 1927, shekarar da Faransawa suka ɗauke cibiyar mulkin yankin daga Tasawa suka mai da ita Maraɗi. Aƙidarsu a fayyace take: Littafi Mai Tsarki shi ne maganar Allah kuma shi ne mai yanke hukunci a kan kowace koyarwa, mutum ba ya gadon bangaskiya daga iyaye sai ya tuba da kansa, ba a kuma yi wa kowa baftisma sai ya yi hankali ya furta da bakinsa. Saboda haka aikinsu na farko a kowane gari shi ne koya wa mutane karatun Hausa da baƙaƙen boko, domin kowa ya karanta da idonsa.

A nan ne babbar matsalar ilimi ta taso. Hausa ta riga ta yi ɗaruruwan shekaru tana ɗauke da kalmomin Musulunci, don haka mai fassara ya tarar da Allah, annabi, mala'ika, zunubi, Attaura, Zabura da Linjila suna jiransa. Waɗannan an karɓe su ba tare da wani dogon ja-in-ja ba. Sunan Almasihu shi ne ya raba kawuna. Masu fassarar farko sun rubuta Isa, sunan da kowane almajiri ya sani. Waɗanda suka biyo baya suka ce mai jin sunan Isa zai tuna da annabin da malamai suka karantar da shi, wanda ba a gicciye ba, alhali kuwa mutuwa a kan gicciye da tashi daga matattu su ne ginshiƙin bishara. Sai fassarar 1932 ta zaɓi Yesu Kristi. Zaɓin ya kare koyarwar kamar yadda suka so, amma ya sa manomin ƙauye ya ji kamar ana ba shi labarin wani baƙo daga ƙasar Turawa. Sabuwar fassarar 1979 ta raba gardamar biyu, ta bar Yesu, ta dawo da Almasihu. Wannan gyara ya dace, domin kalma ce da kunnen Bahaushe ya saba da ita tun kafin a haifi masu fassarar. Barbara Cooper, wadda ta wallafa littafi a kan Kiristocin Maraɗi a 2006, ta ware wa wannan batu na kalmomi babi guda.

Horar da masu hidima ma da Hausa aka yi shi, da farko a Tsibiri, daga bisani a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye, garin da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Tasawa, wanda yake cikin gundumar Tasawa har zuwa 1972. Manufar ita ce a yaye mai wa'azi wanda zai koma ƙauye da iyalinsa, ya yi noma kamar kowa, ya ci guminsa, ranar Lahadi kuma ya tara ƴan'uwa. Irin wannan mutum ba ya samun gona ko filin kafa ɗakin sujada sai da yardar mai gari da ta sarki, shi ya sa tarihinsa ba ya rabuwa da na sarauta.

Tsarin yana da nasa aibu. Turawan SIM masu jin Ingilishi ne, gwamnatin Faransa ba ta sake jiki da su ba, su ma ba su ɗoki koyar da Faransanci ba, don gudun kada ɗalibai su bar bishara su bi aikin albashi. Ƴan ƙasa suka ga an bar ƴaƴansu a baya, kuma wannan ƙorafi ya daɗe yana ci. Bayan samun ƴancin kai a 1960 suka kafa ikilisiyarsu ta ƙasa, wadda aka sani da EERN, jagoranci ya fara komawa hannunsu. Malamai irin su Byang Kato na Najeriya, wanda ya rasu a 1975, sun ƙarfafa ra'ayin cewa ɗan Afirka ya yi zurfin ilimin tauhidi da kansa ba tare da ya saki ikon Littafi ba. Wajen 1990 saɓani a kan shugabanci ya raba EERN, wasu ƙungiyoyi suka fita daga cikinta.

Abin da talakawa suka fi saninsu da shi dai shi ne jinya da noma. Mutanen Tasawa da Mayahi, Musulmi da Kirista, sun sha zuwa asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, da na masu cutar kuturta a Danja da aka buɗe a 1956. A 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace bazara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, in an bar ƴan rassa kaɗan aka gyara su sai su zama itace. Yunwar 1984 ta sa manoma da yawa suka gwada, da farko don abincin agajin da ake bayarwa, daga baya don sun ga amfanin abin. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda ya bazu daga Maraɗi zuwa Agye da Tasawa da Mayahi, har masana suka ƙiyasta cewa ya mai da itatuwa irin su gawo da kalgo da sabara a gonakin da suka kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.