Birnin Ypres da Aikin Tattara Sunayen Mamatan Yaƙin Duniya na Farko

1.0 Gabatarwa

Ypres wani ƙaramin birni ne a yammacin ƙasar Beljiyam, a yankin Filandas, kusa da iyakar Faransa. Mutanen wurin suna kiransa Ieper da harshensu. Tsakanin shekarar 1914 da 1918 an gwabza yaƙi a kewayensa har aka mai da shi kufai. A yau birnin yana da gidan tarihi wanda babban aikinsa shi ne tunawa da waɗanda suka mutu a wannan yaƙi. Wannan takarda za ta yi bayani a kan yadda aka fara wannan tunawa da yadda ta sauya. Za ta fi mai da hankali a kan maganar suna, wato wa aka rubuta sunansa, wa aka bari, da kuma ƙoƙarin da ake yi na cike giɓin.

2.0 Abin da Ya Faru a Ypres

Sojojin Jamus sun kutsa cikin Beljiyam ran 4 ga Agusta 1914. Kafin ƙarshen Oktoba sun iso bakin Ypres, inda sojojin Birtaniya da na Faransa suka tare su. Daga nan kowane ɓangare ya haƙa ramuka ya zauna a ciki, aka yi shekara huɗu ana musayar wuta a kan 'yan kilomitoci kaɗan.

An yi manyan gumurzu uku a wurin. Na farko a ƙarshen 1914. Na biyu ya fara ran 22 ga Afrilu 1915, ranar da Jamusawa suka saki iskar guba a kan sojojin Faransa, cikinsu har da 'yan Aljeriya. Na uku, wanda aka fi sani da yaƙin Passchendaele, an yi shi daga Yuli zuwa Nuwamba 1917 cikin ruwan sama da taɓo.

Ƙasar wurin fadama ce, kuma harsasan igwa sun lalata magudanan ruwa. Saboda haka mutane da yawa suka nutse cikin taɓo, wasu igwa ta yi kaca-kaca da su, wasu kuma an binne su amma wuta ta sake tone kaburburan. Da yaƙi ya ƙare sai aka sami gawawwaki da yawa da ba a san sunayensu ba, da sunaye da yawa da ba a ga gawawwakinsu ba. Daga wannan matsala ce duk aikin tunawa a Ypres ya samo asali.

3.0 Ƙofar Menin da Busar Begila

A 1919 Winston Churchill ya ba da shawarar a bar birnin a rushe, ya zama abin tunawa ga sojojin Birtaniya. Mutanen gari ba su yarda ba. Suka komo suka sake gina gidajensu bisa tsohon fasali. Maimakon kufai, sai aka ba Birtaniya wurin wata tsohuwar ƙofar gari ta gabas, wadda sojoji suka riƙa bi zuwa fagen fama. A nan aka gina Ƙofar Menin, aka buɗe ta ran 24 ga Yuli 1927.

A bangayen ƙofar an sassaƙa sunayen sojoji fiye da 54,000 na Birtaniya da ƙasashen daularta, kamar Kanada da Ostireliya da Indiya da Afirka ta Kudu, waɗanda ba a san kabarinsu ba. Duk da girman ƙofar, wurin bai isa ba. Sai aka kai wasu sunaye kusan 35,000 maƙabartar Tyne Cot, aka rubuta su a bango. Ita wannan maƙabarta tana da kabari kusan 12,000, kuma fiye da 8,000 daga ciki babu suna a kansu.

Tun daga 1928, kullum da ƙarfe takwas na dare ana tsai da motoci a ƙarƙashin ƙofar, a busa begila irin wadda soja ke yi wa mamaci ban kwana. Bisa al'ada masu busar daga cikin 'yan kwana-kwanan gari ake ɗauko su. An daina busar a lokacin da Jamus ta mamaye birnin daga 1940, amma ran 6 ga Satumba 1944, ranar da sojojin Polan suka 'yanta garin, a daren aka koma yi. A Yuli 2015 aka yi busa ta 30,000. Ko a lokacin annobar korona a 2020, da aka hana taro, an ci gaba da busawa babu 'yan kallo.

Sai dai ƙofar ta ɓangare ɗaya ce. Babu sunan Bajamushe a jikinta, babu na Bafaranshe, babu na farar hula. Jamusawa suna da tasu maƙabartar a Langemark, inda aka binne fiye da 44,000, kusan 25,000 daga cikinsu a rami guda. Kowace ƙasa ta ƙirga nata mamatan, ta bar na saura.

4.0 Gidan Tarihin Ypres

A tsakiyar birnin akwai wani katafaren gini mai doguwar hasumiya, wanda aka gina a ƙarni na 13 domin cinikin tufafi. Yaƙi ya rushe shi, ba a gama sake gina shi ba sai a 1967. A cikinsa aka buɗe gidan tarihi mai suna In Flanders Fields a 1998. An ɗauko sunan ne daga wata waƙa da wani likitan soja ɗan Kanada, John McCrae, ya rubuta a 1915. Saboda wannan waƙa ne wani jan fure mai fitowa a gonakin Filandas ya zama alamar tunawa da mamatan yaƙi a Birtaniya da ƙasashen da ta mulka.

Tsofaffin gidajen tarihin yaƙi sun fi nuna bindigogi da kakin soja da lambobin yabo. Wannan gida shi ma yana da irin waɗannan kaya, amma ya gina bayaninsa a kan labarin mutane. Tun da aka sabunta shi a 2012, ana ba mai ziyara wani abin hannu mai siffar jan furen nan, da 'yar na'ura a ciki. In ya kara shi a jikin allo, sai labarin wani mutum na gaske ya fito da harshen da ya zaɓa: soja ko ma'aikaciyar jinya ko ɗan gudun hijira. Ta haka ɗalibi yake bin rayuwar mutum ɗaya, ya ga inda aka haife shi da abin da ya same shi. A wajen fita kuma an rataye jerin yaƙe-yaƙen da aka yi a duniya tun daga 1918.

5.0 Kundin Sunaye

Babban aikin gidan shi ne Kundin Sunaye. Manufarsa a tattara sunan duk wanda ya mutu a ƙasar Beljiyam sanadiyyar yaƙin, ba tare da duba ƙasarsa ko ɓangaren da ya yi wa yaƙi ba. An ƙiyasta yawansu ya kai 600,000, soja da farar hula. Ma'aikata da 'yan sa kai suna bin rajistar maƙabartu da takardun soja da na asibitoci da na majami'u, suna gwama su, domin mutum ɗaya yakan fito da rubutun suna iri biyu ko uku. An sa kundin a intanet, kuma iyalai suna aiko da gyara ko hoto ko wasiƙa.

Hausawa suna cewa suna linzami ne. Muddin ana iya kiran sunan mutum, ana iya neman garinsu da danginsa da ranar mutuwarsa. Wanda aka ƙirga shi cikin adadi kawai, babu ta inda za a kamo labarinsa. A cikin kundin, sunan Bajamushe yana kusa da na Bature ɗan Ingila wanda wataƙila shi ya harbe shi, kuma sunan yaron da igwa ta kashe a gidansu yana tare da na janar.

An yi amfani da kundin sosai lokacin cikar yaƙin shekara 100. Ran 17 ga Oktoba 2014 dubban mutane suka jeru da dare, kowanne riƙe da wuta, a kan tsohon layin daga na kilomita 84, daga gaɓar teku a Nieuwpoort zuwa Ploegsteert, aka kuma haska sunayen mamata a jikin hasumiyoyi. Daga 2014 zuwa 2018, a ƙarƙashin wani shiri na mai fasaha Koen Vanmechelen, 'yan makaranta da baƙi daga ƙasashe da dama suka gina 'yan gumaka 600,000 na yumɓu, kowanne a madadin mamaci ɗaya. An haɗa sunan wanda ya gina da sunan wani mamaci daga kundin a kan 'yar alama irin wadda soja ke ratayawa a wuya. A 2018 aka shimfiɗa su a filin Palingbeek, wurin da a da yake tsakanin ramukan ɓangarorin biyu.

Har yanzu ƙasar ba ta gama fito da abin da ta haɗiye ba. Manoma suna tono harsasan igwa duk shekara, sojojin Beljiyam su zo su kwashe. Masu gini kuma sukan ci karo da ƙasusuwa. In an gane mai su, sai a binne shi da sunansa, a cire sunan daga jerin ɓatattu.

6.0 Waɗanda Aka Bari a Baya

Faransa da Birtaniya sun kawo mutane daga ƙasashen da suke mulka. Sojojin Indiya sun yi yaƙi a Ypres tun 1914. Sojojin Afirka ta Yamma na rundunar Faransa, waɗanda ake kira 'yan Sanagal ko da daga wace ƙasa suka fito, suna cikin waɗanda suka tsare garin Diksmuide, arewa da Ypres, a Oktoba da Nuwamba 1914. An kuma kawo leburori daga Sin. A 2008 gidan tarihin ya shirya nuni na musamman a kan al'ummu fiye da 50 da yaƙin ya tara a Filandas, a 2010 kuma ya yi wani a kan leburorin Sin.

A nan ne aikin kundin ya fi wuya. Akawun soja yakan rubuta sunan ɗan Afirka yadda kunnensa ya ji, sau da yawa suna ɗaya tak da lamba, babu sunan uba, babu na ƙauye. Wani lokaci ma ba a rubuta ba sam.

Girman wannan giɓi ya fito fili a Afrilu 2021, lokacin da hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta fitar da rahoto a kan aikinta. An kafa hukumar a 1917 bisa ƙa'idar cewa duk mamata daidai suke. Amma rahoton ya nuna cewa mutum 45,000 zuwa 54,000, yawancinsu 'yan Afirka da Indiya, ba a tuna da su daidai da Turawa ba, kuma aƙalla 116,000, wataƙila har 350,000, ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Mafi yawansu sun mutu ne a fagagen Afirka da Gabas ta Tsakiya. Wannan ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin rundunonin Nijeriya da na Gwalkwas, waɗanda Hausawa suke da yawa a cikinsu, sun yi yaƙi a Kamaru da Afirka ta Gabas, tare da dubban 'yan dako. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. A Janairu 2025 hukumar ta buɗe wurin tunawa a Cape Town mai ɗauke da sunayen leburorin soja fiye da 1,700 waɗanda a da ba a ambace su ba.

7.0 Kammalawa

An ga yadda tunawa da mamatan yaƙi a Ypres ta bi matakai. Da farko kowace ƙasa ta gina wa sojojinta ƙofa ko maƙabarta. Daga baya gidan tarihin birnin ya ɗauki aikin haɗa kowa a kundi ɗaya, ya kuma jawo 'yan makaranta da iyalai cikin aikin. A 2023 hukumar UNESCO ta sa wurare 139 na tunawa da wannan yaƙi a Beljiyam da Faransa cikin jerin kayan tarihin duniya, har da Ƙofar Menin da Tyne Cot. Abin da ya rage shi ne sunayen mutanen ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka. Takardun Turai kaɗai ba za su iya cike wannan ba. Wasu daga cikin sunayen suna nan a tsofaffin rajistocin barikoki, wasu kuma a bakin jikoki a garuruwan da aka ɗebi mutanen, kuma mai jin harsunan waɗannan garuruwa ne zai iya tattara su ya gyara rubutunsu.