Sharlaman, makaranta da masu rubuta tarihin sarakuna

Duk wanda ya yi lakwal a ƙasar nan ya taɓa jin ana cewa Sharlaman ne ya ƙirƙiro makaranta. Wasu a aji suka ji, wasu a waƙar France Gall ta 1964, wasu kuma a bakin yayyensu masu jin haushin tashin asuba. Maganar ba ta da tushe, don an yi makarantu a Misira da Girka da Ruma tun ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi. Abin da ya yi dai shi ne, a 789 ya ba da umarni a buɗe makarantu a gidajen ruhubanawa da na manyan limaman Kirista, yara su koyi zabura da rera waƙar ibada da lissafi da nahawu, a kuma gyara littattafan da masu kwafi suka cika da kurakurai.

Labarin nan da tsofaffin littattafan lakwal suke zanawa, na sarki ya shiga aji ya yabi ƴaƴan talakawa masu ƙoƙari, ya tsawata wa ƴaƴan manya malalata, daga wurin wani rahibi mai suna Notker ya fito. A gidan ruhubanawa na Sankt Gallen, cikin ƙasar Suwis ta yau, ya rubuta shi wajen 884, kimanin shekara 70 bayan rasuwar Sharlaman. Bai taɓa ganin sarkin ba, kuma tattaɓa-kunnen sarkin ne ya sa shi aikin. Labari ne mai daɗi, ni ma ina son sa, amma ina so malami in zai ba da shi ya gaya wa yara daga bakin wa ya fito.

A Turai ta wancan zamani Latinanci ne harshen rubutu, kamar yadda Larabci ya daɗe yana zama a wurinmu. Talaka ba ya jin sa, yawancin mayaƙa ma haka. A fatar tumaki da ta maruƙa ake rubutu, littafi guda yana iya cinye garke. Saboda haka alƙalami yana hannun mutanen coci da na fada. Wasu suna jera abin da ya faru shekara-shekara, wasu suna rubuta ayyukan sarki guda ko na jerin limaman wani gari, wasu kuma tarihin al'umma sukutum, kamar Giregwar na birnin Tur da ya rasu a 594 ya bar tarihin Farankawa, ko Bede da ya kammala na Ingilawa a 731.

Wanda ya fi kowa kusa da Sharlaman cikin marubutan shi ne Einhard, wanda littattafan Faransanci ke kira Éginhard. Ya yi karatu a Fulda, ya zo fada yana saurayi, ya zauna fiye da shekara 20 a inuwar sarkin. Bayan sarkin ya rasu a 814 ya rubuta tarihin rayuwarsa, ɗan littafi da za ka iya karancewa tsakanin azahar da la'asar. Tun a gabatarwa bai ɓoye ba cewa sarkin ne ya rene shi, kuma bashin alheri yake biya. Tsarin littafin ma aro ne daga Suwetoniyus, wanda ya rubuta rayuwar sarakunan Ruma kusan shekara 700 kafin nan.

Duk da haka mutum ne ka ke gani a shafukan, ba gunki ba. Dogo ne, mai gajeren wuya da ɗan tumbi, muryarsa siririya ba ta dace da girman jikinsa ba. Ya tsani likitoci don sun ce ya bar gasasshen nama ya koma dafaffe. Abin da ya fi taɓa ni shi ne allunan da yake ajiyewa ƙarƙashin matashin kai, in ya sami sarari ya riƙa koyon zana baƙaƙe. Einhard ya ce bai yi nisa ba, don ya fara a makare. Ga sarkin da ya mallaki ƙasa daga bakin tekun Atilantika har kogin Elbe, ga hannunsa ya ƙi alƙalami.

Sai kuma wuraren da marubucin ya kau da kai. Ƙanen sarki, Karloman, ya rasu a 771, matarsa ta kwashe ƴaƴanta ta gudu Italiya. Einhard ya ce ba ta da dalilin gudu, bai kuwa faɗi abin da ya sami yaran ba bayan sun faɗa hannun baffansu. Kundin shekara-shekara na fada ya rubuta cewa a 782, a Verden, an fille kan Saksonawa 4,500. Einhard ya yi dogon bayani kan wannan yaƙi na shekara 33, ya ɗora laifi kan rashin alkawarin Saksonawa, amma wannan rana ba ta cikin littafinsa. Mu mutanen Maraɗi ba baƙi ba ne a irin wannan: yadda aka rubuta faɗuwar Katsina a littattafan Sakkwato daban yake da yadda ake ba da shi a ƙofar fadarmu.

Batun da na fi so iyaye su sani shi ne na Rolan. A 777 wani gwamnan Musulmi daga arewacin Andalus, Sulaiman al-Arabi, ya je har Paderborn neman taimakon Sharlaman a kan sarkin Ƙurɗuba. Da shekara ta zagayo Sharlaman ya ƙetare duwatsun Pirene, ya isa Saragosa, aka ƙi buɗe masa ƙofa, ya juyo. A hanya ya rushe ganuwar Pampeluna, garin mutanen Bask. Ranar 15 ga Agusta 778 mutanen Bask suka yi wa ƙarshen ayarinsa kwanton ɓauna a mashigin Ronsebo, suka kashe na kashewa, suka kwashe kaya, suka ɓace cikin duhu.

Kundin fada na farko ko ambaton abin bai yi ba, ya nuna an je an ci nasara an dawo. Sai da aka sake gyara shi daga baya aka amsa cewa an sha kashi. Einhard ma ya amsa, ya ce mutanen Bask ne, ya ƙara da cewa ba a samu an rama ba don ba a san inda suka shiga ba. To bayan shekara 300 da ɗoriya, wajen 1100, daidai lokacin yaƙin ƴan gicciye na farko, sai ga Waƙar Rolan cikin tsohon Faransanci. A cikinta mutanen Bask sun ɓace, Musulmi dubun dubata ne suka maye gurbinsu, har an mai da su masu bautar gumaka. Sarkin da ya shiga Andalus bisa gayyatar Musulmi ya koma mai yaƙin addini. Wannan sigar ce ta shiga littattafan yara, ita ce kuma ta ƙetaro teku ta iso azuzuwanmu. Alhali shi wannan Sharlaman ya yi musayar manzanni da Halifa Haruna Rashid na Bagadaza, wanda ya aiko masa da giwa mai suna Abul Abbas. Ta iso Aachen a 802, ta rayu har 810.

Ba ina cewa a jefar da waƙar ba, adabi ce babba. Shawarata ga malamin tarihi ita ce ya ajiye wa ɗalibai labarin sau uku a kan allo: shirun kundin fada, ƴan layukan Einhard, da waƙar. Ya rubuta shekarar kowanne a gefe, da wanda ya ci da marubucin, sannan ya bar su su gano abin da ya sauya. Za su lura da kansu cewa a wurin Einhard sau ɗaya tak aka ambaci Rolan, shi ne na uku cikin manyan da suka mutu, mai tsaron iyakar Biretaniya, babu ƙaho babu takobi mai suna. A wasu tsofaffin kwafe-kwafen littafin ma sunan nasa babu shi.