Osibisa: tsohuwar ƙungiyar rock ta 'yan Gana da batun ingancin sauti a waya

An kafa ƙungiyar Osibisa a Landan a 1969. 'Yan Gana uku ne ƙashin bayanta: Teddy Osei mai busa saksofon, ɗan'uwansa Mac Tontoh mai busa ƙaho, da Sol Amarfio mai ganga. Sun haɗu da makaɗa daga Najeriya da tsibiran Karibiyan, suka gauraya gitar lantarki irin ta rock da highlife da gangunan gida. Faifansu biyu na farko, Osibisa da Woyaya, sun fito a 1971, Tony Visconti ne ya tsara su, Roger Dean kuma ya zana giwaye masu fukafukai a bangonsu. Waƙar Sunshine Day ta 1975 ta ƙara musu suna a Turai.

A 2021 ƙungiyar ta fitar da New Dawn da sabbin mambobi, da sauti tsaf irin na kwamfuta. Tontoh ya riga ya rasu tun 2010, Amarfio ya bi shi a 2022, Osei kuma a Janairun 2025. Abin da ya rage yanzu shi ne faya-fayan, da kuma yanayin da suke isa kunnen mai sauraro.

A Nima da Maamobi, galibi ba faifai ake saye ba. Ana cika memori da waƙoƙi a wurin masu sayar da waya, kamar na Circle, ko a tura wa juna ta Bluetooth da Xender. Mafi yawansu MP3 ne. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa ɗaya, MP3 na kilobit 128 kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Manhajar tana zubar da abin da take ganin kunne ba zai lura da shi ba, kuma ƙararrawar ƙarfe da caki da amsawar ɗakin da aka naɗi kiɗan su ne suka fi cutuwa. A kiɗan Osibisa, nan daɗin yake. In an sake matse fayil ɗin da aka riga aka matse, asarar ƙaruwa take yi, kuma abin da ya zube ba ya dawowa.

Sabunta tsohon faifai ma yana da nasa haɗari. Wasu injiniyoyi suna danne bambancin da ke tsakanin sauti mai laushi da mai ƙarfi don waƙa ta yi ta amo tun daga farko har ƙarshe, sai ganga ta rasa dukanta. Misalin da aka fi ambato shi ne Death Magnetic na Metallica a 2008, wanda masoya suka koka cewa sautinsa ya fashe, har wasu suka gwammace kwafin da ke cikin wasan Guitar Hero.

Spotify, wanda ya shiga Gana a 2021, yana daidaita ƙarfin waƙoƙi, don haka dannewar ba ta da ribar da take da ita a da. Sai dai ƙaramin lasifikan waya ba ya iya fitar da amon gitar bass da manyan ganguna, ko da fayil ɗin mai kyau ne. Wanda ya samu MP3 na kilobit 320 da abin sa wa kunne mai kyau zai ji Woyaya kusan yadda ta fito a 1971.