Fasinja a matsayin mai sa ido: Yadda rahoton jama'a ke sa direbobi shiga taitayinsu

Dandalin sa ido kan direbobi tsari ne da jama'a ke kai rahoton tuƙin ganganci ta intanet ko wayar salula, kamar gudun wuce sa'a, lodi fiye da ƙima, bin hannun da ba daidai ba, da amsa waya ana tuƙi. Mai rahoto yakan bayar da lambar mota, wuri da lokaci, tare da hoto ko bidiyo idan akwai. Hikimar ita ce jami'in hanya minti ɗaya yake ganin mota, amma fasinja yana cikinta daga tasha zuwa tasha.

A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara.

Darasi daga Kenya

Kenya na cikin ƙasashen da aka jarraba wannan tunani aka kuma auna sakamakonsa. Malamai biyu na Jami'ar Georgetown da ke Amurka, James Habyarimana da William Jack, sun liƙa takardu a cikin ƙananan motocin haya da ake kira matatu, suna zuga fasinjoji su tsawata wa direba idan ya fara ganganci. An raɗa wa shirin suna Zusha, wato "ɗaga murya" a harshen Suwahili. Binciken da suka wallafa a 2011, da wani mafi faɗi a 2015, sun nuna cewa motocin da ke ɗauke da takardun sun fi sauran ƙarancin neman diyyar haɗari daga kamfanin inshora.

A birnin Nairobi kuma an samu dandalin Ma3Route, inda masu bin hanya ke aika labarin cunkoso da haɗari, galibi ta Twitter. Daga baya masu bincike na Bankin Duniya suka tace waɗannan saƙonni suka zana taswirar haɗurran birnin, suka gano cewa yawancinsu a 'yan wurare ƙalilan suke aukuwa. Da irin wannan bayani hukuma ke sanin inda ya kamata ta sa fitila, tudun rage gudu ko gadar masu tafiya a ƙafa.

Sharuɗɗan inganci

Na farko shi ne tantancewa. Rahoto ɗaya ba hujja ba ne, domin abokin gaba ko abokin hamayya a tasha na iya ƙulla wa direba sharri. Sai an samu rahotanni daga mutane daban-daban kan lamba ɗaya, ko bidiyon da ke nuna wuri da lokaci.

Na biyu, a bai wa direba damar kare kansa, a kuma ɓoye sunan mai rahoto.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, rahoto ya isa ga wanda zai iya hukunci: mai mota, shugabannin tasha, kamfanin inshora ko hukuma. Dandalin da ke tara ƙorafi ba tare da sakamako ba, jama'a kan daina kula shi cikin ɗan lokaci.

Me doka ta ce a Najeriya?

Duk mai son kafa irin wannan dandali zai yi aiki ƙarƙashin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda ta tsara yadda ake tattarawa da sarrafa bayanan mutane. Wallafa suna da hoton direba bisa zargin da ba a tabbatar ba na iya zama ɓata suna, wanda laifi ne a kundin Penal Code da jihohin Arewa ke amfani da shi. Hukunta mai laifi kuwa aikin hukuma ne: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, da aka kafa a 1988 tana da layin gaggawa na 122, sannan akwai hukumomin jihohi irin su KAROTA a Kano.

Iyakar tsarin

Rahoton fasinja ba ya cike ramukan hanya, ba ya kuma sauya tsarin balas da ke tilasta wa direban haya yin sawu da yawa kafin ya haɗa kuɗin mai mota. Tun 2017 FRSC ta fara tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya, amma har yau gudu na kan gaba a musabbaban haɗari da hukumar ke bayyanawa. Saboda haka dandalin da zai yi tasiri shi ne wanda ke bibiyar mai mota, ƙungiyar direbobi da jami'in da ya karɓi na goro ya kau da kai, ba direba kaɗai ba.